Darasin Kiwon Lafiya: Me Ke Faruwa Cikin Ƙwaƙwalwar Matashi Sa'ad da Hankalinsa Ya Fara Juyawa?

A wannan fitowar mun ɗan ajiye maganar taki da ajiyar hatsi da gyaran rijiya, domin mu ɗauki wata magana wadda ake yinta ƙasa-ƙasa a gidajenmu, wato taɓin hankali da ke kama matashi yana cikin ƙarfinsa. Muna roƙon fastoci da masu bishara su karanta wannan darasi a taron dattawa, da zumuntar mata, da ta matasa. Kada a yi gaggawa. In ya ɗauki mako biyu ba laifi.

Yadda abin ke farawa

Ba a dare ɗaya yake zuwa ba. Saurayi ne ɗan shekara 19 ko 22, mai ƙwazo a gona, yana cikin ƙungiyar mawaƙa. Sai a ga ya fara janye jiki. Ya bar zuwa koyon waƙa, ya bar zama da tsaransa, wanka ma sai an matsa masa. Da dare ba ya barci, da rana yana kwance. Wata uku, wata shida, ana cewa lalaci ne ko girman kai, ko kuwa wata yarinya ce ta ƙi shi. Daga baya sai a ji yana amsa magana alhali ba mai yi masa magana. Ya ƙi tuwon mahaifiyarsa, wai an sa masa guba. Ya ce da shi rediyo ke magana. Zancensa ya warwatse, ya kama wannan ya saki ya kama wancan. A nan ne gida ke cewa an yi masa sammu, ko iska ta buge shi a gindin tsamiya, a fara sayar da awaki ana yawon neman magani.

Ba kowane taɓin hankali ne iri ɗaya ba. Wannan da muka kwatanta, in ya daɗe watanni, likitoci na kiransa sikizofireniya, sunan da wani likitan ƙasar Suwizalan mai suna Eugen Bleuler ya raɗa masa a 1908. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022, mutum miliyan 24 ke fama da shi a duniya, wato mutum ɗaya cikin 300. Bisa wannan lissafi, gari mai mutum 1,500 ba zai rasa mutum huɗu ko biyar ba. Yawanci yana farawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, kuma yakan kama maza da wuri fiye da mata. Ba ya tambayar addini. Yana gidan Kirista, yana gidan Musulmi, yana gidan fasto ma.

Abin da hoton cikin kai ya nuna

Shekaru masu yawa ana gardama ko wannan ciwo yana da tushe a jiki. A 1976 wata likita mai suna Eve Johnstone da abokan aikinta a Landan suka ɗauki hoton cikin kan waɗansu majinyata da sabuwar na'ura. Cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai waɗansu 'yan ɗakuna cike da ruwa. Sai suka tarar ɗakunan nan sun fi faɗi a wurin majinyatan, alamar cewa naman ƙwaƙwalwar da ke kewaye da su ya ragu. Amma majinyatan nan sun daɗe a asibiti, sai waɗansu suka ce ai daɗewar ce da shan magani suka kawo haka.

Saboda haka aka koma kan masu sabon kamu. A 2003 masu bincike a birnin Melbon na Ostireliya suka bayar da rahoton matasa waɗanda aka ɗauki hotonsu tun suna nuna alamun farko, aka sake ɗauka bayan shekara guda ko fiye. Waɗanda ciwon ya bayyana a kansu, an ga ɓawon ƙwaƙwalwarsu mai launin toka ya ragu a waɗansu wurare, musamman ta wajen goshi da ta gefen kunne. Sashen goshi shi ne mai shawara da tsara aiki da kame kai. Na gefen kunne kuwa yana aikin ji, da fahimtar magana, da tuna abu. In mun lura, ai waɗannan su ne abubuwan da ke lalace wa saurayin da muka kwatanta.

Amma a nan sai mu yi hattara. Raguwar nan kaɗan ce ƙwarai, sai an auna mutane da yawa an kwatanta kafin a gane ta. Likita ba zai duba hoton mutum ɗaya ya ce ga ciwon nan ba. Da tambaya da saurare da duba halin mutum ake gane shi. Don haka kada wani gida ya sayar da sa don a je ɗaukar hoton kai, sai in likita ne da kansa ya nema domin yana zargin wani abu dabam, kamar ƙari ko rauni.

Misali daga gona

Me ke rage naman ƙwaƙwalwa ba tare da rauni ba? Manomi zai fi kowa saurin gane amsar. Lokacin shuka ba ma sa ƙwaya ɗaya a rami, mukan zuba da yawa. Idan dawa ta tsiro, wajen noman firi sai a bi ana cire waɗansu, a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Wanda bai rage ba, sai ya samu kara ba zangarniya.

Haka Allah ya shirya ƙwaƙwalwa. Tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta ta waɗansu ƙananan mahaɗai, ta nan saƙo ke wucewa. Ƙaramin yaro yana da mahaɗai fiye da bukatarsa. Daga balaga har ya wuce shekara 20, jiki yana bi yana cire waɗanda ba a amfani da su, yana ƙarfafa sauran, kuma sashen goshi ne ake gamawa da shi daga ƙarshe. Wannan aikin lafiya ne, kowannenmu an yi masa. Amma a ce ka ɗauki 'yan ƙwadago su rage maka shuka, hannunsu ya yi nauyi, suka cire har da masu ƙarfin. Daga nesa gona tana nan kore, sai an shiga ciki a ga giɓi.

Tun a 1982 wani likitan Amurka, Irwin Feinberg, ya kawo shawarar cewa wannan wuce gona da iri ne tushen ciwon, shi ya sa yake bayyana daidai shekarun da ake ragewar. A 2016 masu bincike a Jami'ar Harvard suka ƙarfafa maganar, bayan duba ƙwayoyin gado na mutum kusan 65,000. Sun kula da wani sinadari mai suna C4, wanda aikinsa ya haɗa da sa alama a kan mahaɗan da za a cire. Mutanen da suka gaji irin da ke yin sinadarin da yawa, haɗarin kamuwarsu ya ɗan fi na sauran. Su kuwa 'yan ƙwadagon da ke bin alamar suna cirewa, waɗansu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira maikurogiliya. Abin mamaki, da su da sinadarin C4 duk na rundunar garkuwar jiki ne, wadda ke yaƙi da cuta. Ta nan maganar kumburi ta shigo.

Kumburin da ba a gani

Idan ƙaya ta soke ka a ƙafa, wurin yakan yi zafi ya tashi. Wannan kumburi ne, wato garkuwar jiki ta taru tana faɗa. Akwai kuma wani kumburi na ɓoye, mara ƙarfi, wanda ba a gani ba a taɓawa, sai dai a auna sinadaransa cikin jini. An yi ta samun cewa masu sabon kamu, tun kafin su sha magani, sinadaran nan sukan ɗan hau a jininsu. A yankin Biristol na Ingila an auna jinin yara wajen 4,500 suna da shekara 9, aka sake duba su suna da shekara 18. Rahoton da ya fito a 2014 ya nuna waɗanda sinadarin kumburi ya fi yawa a jininsu tun suna yara, alamun taɓin hankali sun fi bayyana a cikinsu kusan ninki biyu.

To, kada kai ya kumbura da jin wannan. Ba a wurin kowane majinyaci ake samun alamar kumburin ba, kuma masana suna kan muhawara ko shi ne sanadi, ko kuwa abokin tafiya ne kawai, tun da rashin barci da taba da damuwa duk suna ɗaga shi. An ma gwada ko maganin da ke kwantar da kumburi zai taimaka. A wani babban gwaji a Birtaniya, wanda aka bayar da sakamakonsa a 2018, an ba masu sabon kamu wani magani mai suna minocycline har shekara guda, bai ƙara musu komai ba.

Mun tsaya a kan wannan ne domin mun san halinmu. Wani zai ji an ce kumburi, gobe ya nufi kemis ya sayo maganin ciwon jiki ko dexamethasone. Kada a yi. Maganin ciwon jiki in an daɗe ana sha yana cin ciki da ƙoda, shi kuma dexamethasone da danginsa, da kansu suna iya juya hankalin mai lafiya.

Abin da ke ƙara haɗari a wurinmu

Gado yana ciki. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon, haɗarinsa wajen ɗaya cikin 10 ne. A juya lissafin a gani: tara cikin 10 ba za su kamu ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan lafiyarsa lau. Saboda haka ba daidai ba ne a ƙi auren dukan zuriya saboda mutum ɗaya.

Yunwar mai ciki ma tana ciki, kuma wannan ya shafi aikinmu kai tsaye. A ƙasar Holan an yi matsananciyar yunwa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga 1944 zuwa 1945. 'Ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, da suka girma, ciwon ya ninka a cikinsu. An sake ganin haka ga waɗanda aka haifa lokacin yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961. Idan ana rabon hatsi ga waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu, mai sabon ciki ce ya kamata ta shiga gaba, ko da cikin bai fito ba tukuna.

Sai wiwi. A ƙasar Suwidin an bi matasa 45,000 da suka shiga aikin soja har shekara 15. Rahoton 1987 ya nuna waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50, ciwon ya fi kama su wajen ninki shida. Ba kowane mashayi zai kamu ba, amma wanda ya fara tun yana yaro, a lokacin da ake aikin rage shukar nan, shi ya fi shiga haɗari. Wanda kuma ya riga ya kamu, wiwi yana dawo masa da ciwon ko yana shan magani.

Na huɗu shi ne tashin hankali mai tsanani, musamman a ƙuruciya. Wannan ba sai an yi wa mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara bayani ba. Muna tune da Kadisau a watan Yunin 2020, da ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar wannan shekarar. Yaran da suka kwana a daji a shekarun nan, su ne samari da 'yan matan yanzu.

Wannan ya kawo wata tambaya mai wuya. A wurin da aka sha zuwa da dare da gaske, in saurayi ya ce ana binsa za a kashe shi, yaya za a bambanta tsoro da ciwo? Mai tsoro na gaskiya yakan natsu in an kai shi wuri mai tsaro, tsoronsa kuma irin na maƙwabtansa ne. Mai ciwo kuwa tsoronsa nasa ne shi kaɗai, yakan juya kan na gida, hujja ba ta sauke shi, ga kuma muryoyi da rikicewar zance. Wanda yake firgita da mugayen mafarkai bayan hari shi ma yana bukatar taimako, amma nasa dabam ne. In an rasa ganewa, a bar ma'aikacin lafiya ya rarrabe.

Akwai kuma wanda ba ya jira ko kwana ɗaya. Idan hankali ya juya farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko mutum bai san inda yake ba, to a yi zaton zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko an sha zaƙami. Haka ma mai jego da ta rikice cikin makonnin farko. Waɗannan a kai su asibiti mafi kusa a ranar.

Don me ake gaggawa

Bincike a ƙasashe da yawa ya nuna abu ɗaya: gwargwadon daɗewar mutum cikin ciwon ba magani, gwargwadon wahalar komawarsa daidai. Canjin ƙwaƙwalwa ya fi sauri a shekarun farko. Ban da wannan, cikin watannin da ake yawo ne yake rasa makaranta, da gona, da wadda zai aura, da mutuncinsa a gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku yana warkewa sarai, da yawa kuma suna noma suna riƙe iyali suna shan magani.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1952 aka fara amfani da chlorpromazine a Faransa, daga baya aka samu haloperidol da risperidone da olanzapine, akwai kuma allura ta bayan 'yan makonni ga mai mantuwa ko mai nisa da asibiti. Aikinsu shi ne rage ƙarfin wani sinadarin saƙo mai suna dofamin, wanda ke yin yawa a wani sashen ƙwaƙwalwa har abin da ba komai ba ya zama kamar babban saƙo ga majinyaci. Ba su aiki a kwana ɗaya, sai an ba su makonni. Suna kuma da nasu wahala: barci, sandarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau, ƙiba. In an ga haka a koma wa likita ya rage ko ya canja, gama ƙa'ida ita ce a ba da mafi ƙanƙanta da zai yi aiki. Babban kuskuren da ake yi shi ne, da an ga sauƙi sai a ba da shaida a majami'a a zubar da magani. Wani bincike a Amurka a 1999 ya nuna barin magani yana ninka haɗarin dawowar ciwon kusan sau biyar. Shaida tana da kyau, amma a ba da ita da magani a aljihu.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasarmu. A 2019 an kiyasta ba su kai 300 ba. Daga wajenmu a fara da asibitin da ke kusa ko babban asibitin Funtuwa a nemi takardar turawa. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da na Dawanau a Kano. A tafi da wanda ya ga farkon abin, a kuma ɗauki duk wani magani da aka riga aka ba shi, na kemis da na gargajiya.

Addu'a da sarƙa

Wani dattijo zai ce, to ina aljannu da Littafi Mai Tsarki ya ambata? Ba mu zo mu ƙaryata Littafi ba. Amma a karanta Markus sura 5 da kyau. Mutanen garin ne suka yi ta ɗaure mutumin nan da sarƙa, bai amfana komai ba. Yesu bai ɗaure shi ba, bai buge shi ba, kuma da ya warke sai ya mai da shi gida wurin mutanensa. A Yahaya sura 9 ma, da almajirai suka nemi wanda za a ɗora wa laifin makantar wani mutum, shi ko iyayensa, Ubangiji bai ɗora wa kowa ba. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus ya faɗa a Kolosiyawa 4:14. Ba ma hana mai ciwon suga allurarsa don muna masa addu'a. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce.

A Satumba da Oktoban 2019 'yan sanda sun buɗe waɗansu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sarƙa a ƙafa. Kada mu nuna kowa da yatsa, gama rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na wannan shekarar ya samu irin wannan ɗauri a gidajen addu'a na Kirista ma. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin kada a wulaƙanta shi. Duka, da azumin dole, da hana barci da sunan raba shi da aljani, duk suna ƙara ciwon. Mun san akwai uwar da ta ɗaure ɗanta ba don mugunta ba, sai don tsoron kada ya shiga daji ya faɗa hannun miyagu. Irin wannan uwa taimako take bukata: maza biyu ko uku da majinyacin ya yarda da su, magana a hankali ba gardama da abin da yake ji, a kawar da wuƙa da maganin ƙwari daga ɗakin, a nemo mota.

Haɗa addu'a da asibiti an gwada shi a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye majinyata a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. A 1989 Ikkilisiyar Methodist ta buɗe Amaudo a Itumbauzo, cikin Jihar Abiya ta yanzu, inda ake kwaso masu yawo a titi, a yi musu magani, a koya musu sana'a, a mai da su gida. A 2020 kuma Farfesa Oye Gureje da abokansa suka bayar da sakamakon gwaji a Ibadan da Kumasi ta Gana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa wurin masu addu'a da masu maganin gargajiya suna duba majinyata tare. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa haka sun fi sauran samun sauƙi ƙwarai.

Abin da ya fi kayar da iyali a wajenmu ba ƙin asibiti ba ne, kuɗin mota ne da na magani wata bayan wata. Kafin taron dattawa na gaba, muna roƙon kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu masu riƙe asiri, namiji da mace, waɗanda iyali za su iya zuwa wurinsu tun a watan farko. A kuma tattauna ko za a ware buhu ɗaya ko biyu daga baikon kaka domin wannan bukata, a rubuta wanda zai riƙe kuɗin da wanda zai raka majinyaci ranar komawa asibiti.